Zazzaɓi Ya Tafi, Barci Bai Dawo Ba

 Kowace safiya mukan tambayi juna, “Ina kwana?” Amsar kuwa ɗaya ce, “Lafiya lau.” Haka aka koya mana tun muna yara. Amma a cikinmu akwai masu amsa “lafiya lau” alhali kuwa idonsu biyu har zakara ya yi cara. A yau muna so mu yi magana a kan waɗansu daga cikinsu, wato mutanen da suka yi wani zazzaɓi ko mura mai tsanani, suka warke, amma tun daga lokacin barcinsu bai koma daidai ba.

Wata ’yar’uwa, malamar makaranta, ta zo wurinmu da wannan damuwa. Ta kamu da korona a shekara ta 2021, ta yi mako biyu a kwance, ta tashi, kowa ya yi mata barka. Bayan wata biyar sai ga ta tana kuka. Takan kwanta ƙarfe tara, ta yi ta juye-juye har ƙarfe ɗaya. In barci ya ɗan sace ta, ƙarfe uku ta farka, zuciyarta tana dukan uku-uku. Da rana kuma sai ta tsaya gaban allo ta manta abin da take koyarwa. Maƙwabciyarta ta ce mayu ne. Wata ta ce ta yi sanyi a addu’a ne. Mai kemis ya sayar mata da ƙwayoyin barci. Babu wanda ya faɗa mata cewa abin da yake damunta sananne ne ga likitoci, yana da dalili, yana kuma da hanyar gyara. Abin da za mu bayyana ke nan.

ABIN BA SABO BA NE

Bari mu fara da ma’anar bairos. Ƙwayoyin cuta iri-iri ne. Zazzaɓin cizon sauro wata ’yar halitta ce take kawo shi, taifot kuma bakteriya ce. Bairos ya fi su duka ƙanƙanta, ba ya kuwa iya hayayyafa sai ya shiga cikin ƙwayoyin jikin wani abu mai rai. Mura, ƙyanda, shawara, zazzaɓin Lassa, Ebola da korona duk aikin bairos ne.

Tun da daɗewa likitoci suka lura cewa ciwon da ya taɓa ƙwaƙwalwa yakan rikita barci. A shekara ta 1917 wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Konstantin fon Ekonomo, ya bayyana wata cuta mai kumbura ƙwaƙwalwa wadda ta bazu a shekarun babbar murar 1918. Kada mu haɗa ta da ciwon barci na ƙudan tsando da muka sani a ƙasarmu, wannan daban ne. Yawancin masu cutar sukan yi ta barci ba dare ba rana. Waɗansu kuwa barcin ya ƙaurace musu sam. Waɗansu dare ya zama musu rana, rana ta zama dare. Da ya bincika ƙwaƙwalwar waɗanda suka mutu, sai ya ga wurin da cutar ta ɓata a masu yawan barci daban yake da wurin da ta ɓata a marasa barci. Daga nan aka gane cewa a cikin ƙwaƙwalwa akwai sashen da yake kawo barci, akwai kuma sashen da yake tsare mutum a farke.

A zamaninmu ma an ga irin wannan. Cutar SARS ta shiga birnin Toronto na Kanada a 2003. A 2011 aka buga wani bincike a kan waɗanda suka warke daga gare ta, yawancinsu ma’aikatan asibiti, waɗanda bayan fiye da shekara ɗaya suna nan suna fama da gajiya, da ciwon jiki, da barci marar wartsakewa. Haka kuma da yawa daga cikin waɗanda suka tsira daga Ebola a Gini, Laberiya da Saliyo tsakanin 2014 da 2016 suka yi ta kukan rashin barci da ciwon gaɓoɓi.

Sai korona ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019, ta iso Legas a watan Fabrairu na 2020. Likitocin Wuhan suka bi sawun mutum 1,733 da aka sallama daga asibiti. A Janairu 2021 suka bayyana cewa bayan wata shida, fiye da rabinsu suna fama da gajiya ko raunin jiki, 26 cikin 100 suna da matsalar barci, 23 cikin 100 kuma suna da damuwa ko baƙin ciki. Sai mu lura, waɗannan mutane ne da ciwon ya kwantar a asibiti, tun kafin a sami allurar rigakafi. Duk da haka, ko wanda ya yi jinya a gida abin yana iya samunsa. A watan Oktoba na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba wannan hali ma’ana a hukumance: alamun da suke nan wajen wata uku bayan kamuwa, suka kai wata biyu ko fiye, ba kuwa wata cuta da za a ɗora wa laifin. A Mayu 2023 hukumar ta sanar cewa korona ta daina zama annobar gaggawa ta duniya, amma waɗanda ta bari da rashin barci suna nan a gidajenmu.

YADDA BARCI YAKE ZUWA

Domin mu gane abin da ya lalace, dole mu san yadda abin yake tafiya sa’ad da yake lafiya. Abu biyu ne suke haɗuwa su kawo barci.

Na farko shi ne nauyin barci. Tun daga lokacin da muka farka, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, kamar yadda ake zuba ruwa a randa guga bayan guga. In randar ta cika da dare, ido yakan yi nauyi. Barci shi ne yake kwashe ruwan. Wanda ya yi barcin awa biyu da la’asar ya rage randarsa, saboda haka in dare ya yi ba za ta cika ba.

Na biyu shi ne agogon jiki. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan gungun jijiyoyi da yake ƙidaya wajen awa 24, hasken da yake shiga ido kuwa shi yake saita shi. In duhu ya yi, ƙwaƙwalwa takan saki sinadarin melatonin, mai sanar da jiki cewa dare ya yi. Gab da asuba kuma sinadarin kotisol yakan ƙaru domin ya shirya mu tashi. In randa ta cika, agogo kuma ya buga dare, barci yakan zo da kansa. Babban mutum yana bukatar awa 7 zuwa 9, barcin kuwa yana zagayawa ne tsakanin mai nauyi da marar nauyi da na mafarki, kowane zagaye wajen minti 90. Saboda haka ɗan farkawa tsakiyar dare a koma barci ba ciwo ba ne.

To, me bairos yake yi? Da ya shiga, garkuwar jiki takan tashi yaƙi, ta saki waɗansu sinadarai da ake kira saitokin. Su ne suke kawo zazzaɓi da kasala, su ne kuma suke sa marar lafiya ya yi ta barci. Wannan yana da amfani, gama jiki yana tattara ƙarfinsa ne. A wurin yawancin mutane, in yaƙi ya ƙare sojoji sukan koma bariki. A wurin waɗansu kuwa an iske alamun kumburi suna nan watanni bayan ciwon, kamar garin da aka gama faɗa a cikinsa amma ba a cire shingayen kan hanya ba. Jijiyoyin da suke sarrafa bugun zuciya da gumi da numfashi ma sukan rikice, shi ya sa mutum yakan farka zuciyarsa tana gudu ba tare da wani abin tsoro ba. Ga kuma tari, da toshewar hanci, da ciwon jiki, da magunguna irin su firednisolon da waɗansu magungunan mura masu hana barci. Wanda ya sha wuya ƙwarai, ko ya ga mutuwa kusa a asibiti, yakan fito da fargaba da munanan mafarkai. Ban da haka, marar lafiya ya yi makonni a ɗaki mai duhu yana barci da rana, agogonsa ya karkace.

DON ME YAKE DAƊEWA?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci. A shekara ta 1987 wani masanin barci a Amurka, Ata Sifilman, ya bayyana cewa rashin barci mai daɗewa yana da sassa uku. Akwai halin da mutum yake da shi tun asali, misali mai saurin damuwa ko mai barcin zomo. Akwai abin da ya ta da matsalar, a nan shi ne ciwon. Akwai kuma abubuwan da suke riƙe ta bayan ciwon ya wuce. Ciwo ne ya kunna wutar, amma sau da yawa mu ne muke ƙara mata itace ba da saninmu ba.

Ga yadda abin yake. Mutum bai yi barci jiya ba, sai ya ce yau zai kwanta da wuri ya rama. Ya hau gado ƙarfe takwas, randarsa ba ta cika ba, ya yi awa huɗu yana kallon rufi. Da safe ya makara. Da rana ya ci goro ya sha shayi mai kauri domin ya iya aiki, da la’asar ya faɗi ya yi barci. Dare ya yi, ya fara lissafi, “In ban yi barci yau ba, yaya zan yi gobe?” Wannan tunani kaɗai ya isa ya kori barci. Bayan makonni, ƙwaƙwalwa ta koyi cewa gado wurin fama ne. Shi ya sa za ku ga mutum yana gyangyaɗi a kujera, amma da ya kwanta a shimfiɗarsa sai ido ya bushe. Likitoci sukan ce rashin barci ya zama mai daɗewa in yana faruwa dare uku ko fiye a mako, har wata uku, yana kuma ɓata wa mutum yininsa.

A nan ne bege yake. Ba mu da iko a kan halin da aka haife mu da shi, ciwon kuma ya riga ya faru, amma itacen da muke ƙarawa muna iya janye shi.

ABIN DA ZA MU YI

Akwai hanyar da likitoci suke bi, ta gyaran ɗabi’a da tunani game da barci. A shekara ta 2016 babbar ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ba da shawara cewa da ita za a fara jinyar rashin barci mai daɗewa, kafin a kai ga ƙwayoyi. Yawancin matakanta ba sa cin ko kwabo.

Na ɗaya, mu sa lokacin tashi guda ɗaya, mu riƙe shi kowace rana, har Asabar da Lahadi, ko mun yi barci ko ba mu yi ba. Lokacin tashi shi yake saita agogo fiye da lokacin kwanciya.

Na biyu, da mun tashi mu fita tsakar gida mu sha hasken safiya na minti 20 zuwa 30. Rana ba ta yi mana ƙaranci a ƙasarmu ba. Da dare kuma mu rage haske, mu ajiye wayar hannu, mu kashe talabijin wajen awa ɗaya kafin kwanciya.

Na uku, kada mu hau gado sai barci ya fara kama ido. Gajiya daban, jin barci daban. In mun kwanta muka ga kamar an yi minti 20 barci bai zo ba, sai mu tashi mu zauna a wani wuri mai ƙaramin haske, mu yi wani abu mai kwantar da rai, mu koma in ido ya yi nauyi. Kada mu riƙa duba agogo. Ta haka ƙwaƙwalwa za ta sake koyon cewa gado wurin barci ne.

Na huɗu, mu lura da abin da muke sa wa baki. Goro, shayi, kofi da lemon kwalba mai kola duk suna da sinadarin kafeyin, wanda yake toshe aikin adenosin, wato ya hana mu jin cewa randa ta cika. Bayan wajen awa biyar, rabinsa yana nan a jini. Saboda haka goron la’asar yana tare da mu a kan gado. Mu tsaya a kan na safe. Taba ma tana hana barci. Giya da burkutu sukan kwantar da mutum da sauri, amma su tashe shi tsakar dare, su kuma ƙara minshari.

Na biyar, in ya zama dole mu yi barcin rana, kada ya wuce minti 30, ya kuma kasance kafin ƙarfe uku.

Na shida, mu ba damuwa lokacinta tun da sauran rana. Da yamma mu ɗauki takarda mu rubuta abin da yake damunmu da abin da za mu yi a kansa gobe, sa’an nan mu rufe. Abin da aka rubuta ba ya bukatar a yi ta juya shi cikin duhu.

Na bakwai ya shafi motsa jiki, a nan kuwa sai an yi hankali. Ga yawancin mutane ’yar tafiya da ƙafa tana taimakon barci. Amma akwai waɗanda bayan korona, in suka yi aiki ya ɗan yi yawa, sai bayan kwana ɗaya ko biyu jiki ya rushe, su kwanta kwanaki. Irin waɗannan kada a matsa musu, kada su ma su matsa wa kansu. Su rarraba aikinsu kaɗan-kaɗan, su huta tun ƙarfi bai ƙare ba. Hutawa da rana ba lalle sai da barci ba, ana iya zama a inuwa a miƙe ƙafa. Sannu ba ta hana zuwa.

Mu sani, makon farko yakan yi wuya, har mutum ya ga kamar abin ya ƙaru. Yawanci sai an yi makonni huɗu zuwa takwas kafin a ga canji mai ɗorewa. ’Yar’uwar da muka ambata ta ga likita, ya janye mata ƙwayoyin a hankali, ta bi waɗannan matakai. Ba ta koma yadda take dā nan da nan ba, amma kafin ƙarshen wannan zangon karatu tana samun awa shida a yawancin darare, tana kuma koyar da ajinta.

TARKON ƘWAYOYI

Muna roƙonku, ’yan’uwa, kada ku je kemis ku sayi ƙwayar barci da kanku. Magunguna irin su dayazifam, wanda aka fi sani da Valium, suna aiki a daren farko, amma bayan ’yan makonni jiki yakan saba, ƙwaya ɗaya ta zama biyu. Ranar da aka bari kuma rashin barcin yakan dawo fiye da dā. Ga tsofaffi sukan kawo jiri da faɗuwa da mantuwa. In aka haɗa su da giya ko tiramadol ko kodin, numfashi yana iya tsayawa. Mun ga abin da maganin tari mai kodin ya yi wa matasanmu da matan aure, har gwamnatin Nijeriya ta hana yinsa da shigo da shi a watan Mayu na 2018. Akwai lokacin da likita zai rubuta maganin barci na ɗan gajeren lokaci, wannan daidai ne, a bi umarninsa. Wanda kuwa ya daɗe yana shan irin waɗannan ƙwayoyi kada ya yanke su rana ɗaya, gama hakan yana iya kawo farfaɗiya. Likita ne zai rage masa a hankali.

YAUSHE ZA A JE ASIBITI?

In an yi wata uku barci bai daidaita ba, a je. In akwai ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko suma, a je nan da nan. In mai gida ko uwargida ta lura abokin kwananta yana minshari mai ƙarfi, numfashinsa yana ɗaukewa sa’an nan ya zabura, wannan wata cuta ce daban mai ta da hawan jini, tana kuma da magani. In ƙafafu suna damun mutum da dare har sai ya motsa su, wani lokaci ƙarancin sinadarin ƙarfe ne a jini, gwaji zai nuna. In barci yana fizgar mutum da rana ba shiri, kada ya tuƙa mota ko ya hau babur sai likita ya duba shi, gama ransa da na fasinjojinsa suna hannunsa. In kuwa baƙin ciki ya kai mutum ga tunanin gara mutuwa, kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a jira gobe. A faɗa wa likita dukan abin da ake sha, har da na gargajiya.

GA IYALI DA IKKILISIYA

A ƙarshe muna da magana da masu lafiya. Ciwon da ba ya fitar da jini yana da wuyar samun mai tausayi. Wanda ya karye a ƙafa kowa yakan kawo masa kunu, amma wanda ya yi wata biyar ba barci sai a ce rago ne, ko a ce an yi masa sammu, ko a ce bangaskiyarsa ce ta yi rauni. Irin wannan magana tana ƙara masa abin da zai kwana yana tunani. Mun ga a sama cewa abin yana da dalili a cikin jiki, kamar yadda hawan jini da ciwon sukari suke da shi. Mu yi masa addu’a, mu kuma raka shi asibiti, gama ɗaya ba ya hana ɗaya.

Akwai taimako na zahiri da za mu iya yi. Miji ya karɓi renon dare na ɗan lokaci. A rage ƙarar rediyo da janareta kusa da ɗakinsa. A ɗaura masa gidan sauro. Dattawa da shugabannin zumunta su ɗauke wa irin wannan ɗan’uwa addu’ar kwana da tarurrukan da suke kaiwa tsakar dare, har ya murmure, ba tare da an sa shi jin kunya ba. In muka ga wani yana gyangyaɗi a lokacin sujada, kada mu yi saurin yanke masa hukunci. Bayan an tashi mu matsa kusa da shi mu tambaya, “Ina kwana?” In ya ce “lafiya lau,” mu ɗan dakata, mu sake tambaya, “Da gaske, yaya barci?”

Ku da kuke kwana ido biyu, ku yi haƙuri, ku fara da tashi a lokaci ɗaya gobe da safe, ku fita ku sha hasken rana. Ubangiji ya ba ku sauƙi, ya ba mu duka kwana lafiya. Sai mun sake saduwa.